Kafin a Ba da Kyautar Hoton Tsuntsu

 

Sharhinmu na yau a kan tsuntsaye ne, da matasan da suka fara ɗaukar hotonsu don sha'awa, da kuma gasar da ake shirya wa irin waɗannan mutane. A ƙasashe da dama wannan gasa ta daɗe da zama al'ada. Mu ma tana tafe gare mu, domin kayan aikinta sun riga sun shigo hannu. Da wuya ka ga saurayi ko budurwa a yau ba waya mai kyamara, ga makarantu da ƙungiyoyin kare muhalli suna neman abin da za su yi duk ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya, wadda ake yi sau biyu a shekara, cikin Mayu da cikin Oktoba. Ina maraba da abin ƙwarai da gaske. Amma akwai maganar da nake so shugaban makaranta, ko shugaban ƙungiya, ko mai hannu da shunin da zai sa kyauta, ya ji tun kafin a buga takardar sanarwa. Duk irin hoton da alƙalan gasa suka yaba bana, shi yara za su bazama daji nema baɗi, kuma ta kowace hanya za su nemo shi. Wanda ya hau kujerar alƙalancin nan, shi zai koya wa yaran gari yadda za su riƙa tunkarar tsuntsu, ko ya sani ko bai sani ba.

Mu fara da abin da Allah ya hore mana. Wanda ya tashi a ƙasar Kiyawa ba sai an kai shi gidan ajiye namun daji zai san tsuntsu ba. Shamuwa na sauka a kan tsamiya da kukar cikin gari gab da faɗuwar damina, manomi ya gan ta ya soma gyaran garma da neman iri. Balbela na bin sawun shanu, carki na kan doronsu yana cire kaska. Da ruwa ya zauna, namijin marai ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa, yana saƙa sheƙa a reshen da ya leƙa kan kududdufi, ragon maza na kuka daga cikin duhuwa. Ga cilakowa, ga hasbiya da bardo, ga zalɓe tsaye a bakin fadama, tsattsewa na zagaya giginya, shirwa na shawagi a kan mayanka. A duwatsun Dutse da gonakin dabino da bakin madatsar Warwade kuma akwai wasu daban. Najeriya na da tsuntsaye sama da iri 900, kuma Jigawa ta sami kaso mai tsoka.

In ka miƙa ka wuce Haɗeja, sai ka faɗa dausayin Haɗeja da Nguru, wanda masana tsuntsaye na duniya suka sani da suna. Da sanyi, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa kan taso daga Turai da arewacin Asiya, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauka nan su tarar da kirinjijiya da dinya 'yan gida. An sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Baturiya ta ƙaramar hukumar Kirikasamma ta shiga jerin a 2008, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mai da ita gandun daji na ƙasa. Tun a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo har Dagona ta ƙasar Bade don ya ga tsuntsayen nan. Gaskiya wurin ba kamar da ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da dausayin ta sauya hali, kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Duk da haka, abin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su zo gani, mu kuɗin mota ne tsakaninmu da shi.

To, yaya ake yanke hukunci a manyan gasanni? Akwai ta gidan tarihin halittu na Landan, wadda ake kira Wildlife Photographer of the Year, da ta samo asali tun 1965. Akwai Bird Photographer of the Year, ita ma daga Ingila, tsuntsaye zalla, inda a shekarun nan ake aiko da hotuna sama da 20,000. Akwai ta ƙungiyar Audubon a Amurka, wadda ta fi kusa da maganarmu, domin a shekarun baya ta ware rukunin masu cin abinci da kyamara daban, na masu yi don sha'awa daban, na yara 'yan shekara 13 zuwa 17 daban.

Abu na farko, ana ɓoye sunan mai hoto. Alƙali hoto kawai yake gani, bai san ɗan wane ne ba, bai san daga wace ƙasa ba. Sai a yi zagayen farko na tankaɗe da rairaya, inda mafi yawan hotuna ke zubewa cikin ɗan lokaci. Nan ake duba aikin hannu. Idon tsuntsun ya fito tas, ko ya yi dishi-dishi? Domin a hoton tsuntsu, in ido bai fito ba, da wuya sauran ya yi amfani. Haske ya ƙone farin gashin har ba a ganin zanensa, ko duhu ya cinye baƙin? An yanke masa wutsiya ko ƙafa a gefen hoto? Abin da ke bayansa ya bar shi ya fito fili, ko rassa sun hargitsa ido? Wanda ya tsallake wannan, sai a shiga magana mai wuya: me tsuntsun yake yi, kuma an taɓa ganin irin wannan hoto sau nawa? Audubon ta taƙaita ma'auninta a abu uku, ingancin aiki, da zuwa da abin da ba a saba gani ba, da kyan fasaha. Tsuntsu a zaune kan reshe, komai kyansa, alƙalai sun ga dubbai irinsa. A 2023 wanda ya lashe babbar kyautar gasar tsuntsaye ta Ingila, Jack Zhi, ya kama wata shaho ce tana kai wa kwasakwasa bugu a sararin sama a Kalifoniya, saboda ta matso kusa da sheƙarta. A 2024 kuwa, Patricia Homonylo ta ƙasar Kanada ce ta ci, kuma a hotonta babu tsuntsu mai rai ko ɗaya. Gawarwakin tsuntsaye ne sama da 4,000 da suka yi karo da gilasan dogayen gine-ginen birnin Toronto, masu aikin sa kai suka tsince su suka jera. Alƙalai sun ba ta ne domin hoton ya faɗi wata gaskiya da mutanen birnin suke wucewa ta gefenta kullum.

Sannan akwai mataki na ƙarshe, wanda shi ne ya fi damuna. Kafin a sanar da sakamako, ana neman duk wanda ya kai wasan ƙarshe ya kawo ɗanyen hoton yadda kyamara ta ajiye shi, wanda masu sana'ar ke kira RAW, a gwada shi da wanda ya aiko. An yarda ka gyara haske kaɗan, ka rage gefe. Ba a yarda ka goge reshe, ko ka ƙara tsuntsu, ko ka sauya sararin sama ba. Ana kuma tambayar yadda aka sami hoton. Dabbar gida ce ko ta daji? An sa mata abinci mai rai don a jawo ta? An taɓa sheƙa?

Ba a banza suka tsaurara ba. A 2009 wani ɗan ƙasar Sifen, José Luis Rodríguez, ya ci babbar kyautar Landan da hoton kyarkeci yana tsallake ƙyauren gona da dare. A farkon 2010 aka ƙwace kyautar, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin horarre ne da ake ajiye da shi a wani gandu. A 2017 wani ɗan Brazil, Marcio Cabral, ya ci rukuni guda da hoton dabbar nan mai cin tururuwa tana dafe da suri da dare. A 2018 aka soke nasarar, bayan masana biyar sun duba, kowa shi kaɗai, suka ce gawar dabba ce da aka cusa wa kaya aka ajiye a ƙofar gandun dajin Emas. Dukansu biyu sun musanta. Amma ka lura, mai sauraro: waɗannan alƙalai ne ƙwararru a gasar da ta fi kowace suna, kuma sai da kyauta ta fita hannu kafin gaskiya ta bayyana. Ina ga gasar makarantar sakandare da malami uku za su zauna su duba cikin yini guda?

Yanzu mu dawo gida, mu sa abin a ƙasarmu. Waɗancan hotuna da gashin tsuntsu ke fitowa ɗaiɗai, ana ɗaukarsu ne da dogon gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, wanda kuɗinsa kan kai na mota. Mai shi yana tsaye can nesa, tsuntsu bai ma san da shi ba. Yaronmu na Balago ko na Andaza waya ce a hannunsa. Da waya, kurciyar da ke taku ashirin daga gare ka ɗigo ce kawai a cikin hoto. In alƙalai suka kwaso ma'aunin Turai yadda yake, suka ce hoton da tsuntsu ya cika fuskarsa shi ne gwani, to yaro mai waya hanya nawa ta rage masa? Sai ya kusanci tsuntsu. Kuma mun san yadda ake kusantar tsuntsu a garuruwanmu, ba baƙon ilimi ba ne. Ko a ɗana tarko, ko a harbo shi da danƙo a ɗora a reshe, ko a sayo na keji a kasuwa a ɗaure ƙafarsa da zare a ɓoye zaren a bayan ganye, ko kuma, mafi sauƙi duka, a hau bishiya a je sheƙa, inda uwa ba ta iya gudu ta bar 'ya'yanta.

Wannan ta sheƙa ita nake so mu daɗe a kanta, domin mai yin ta sau da yawa ba ya jin ya yi laifi. Zai ce ai ban taɓa ƙwan ba, hoto kawai na ɗauka na sauko. To ga abin da ke faruwa. Zakaran kekuwa a ƙasa yake zuba ƙwai, a fili, a bakin ruwa. Da zafin bazara, kwanciyar da uwar take yi a kansu inuwa take yi musu. Ka kore ta na ɗan lokaci da tsakar rana, rana ta gama da abin da ke ciki, ka tafi da hotonka ba ka san ka yi kisa ba. Sheƙar da ke cikin ganye, tsuntsuwa ta zaɓi wurin ne don ya ɓoye ta. Ka karya reshe biyu don haske ya shiga, ka buɗe wa hankaka da shirwa ƙofa, su kuwa dama suna kallon duk inda mutum ya tsaya ya daɗe. Cilakowa, macen kan shige kogon bishiya ta liƙe bakinsa, ta bar 'yar tsaga da namijin zai riƙa miƙo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. In ka tsaya gindin bishiyar kana jiran ya zo ka ɗauka, shi kuma yana can nesa da fara a baki yana jiran ka tafi, ita da 'ya'yan yunwa suke ji. Haka nan masu kunna kukan tsuntsu daga waya don namiji ya fito: ya bar kiwo, ya bar gadin sheƙa, ya zo neman abokin gabar da babu shi. Addininmu bai bar wannan a buɗe ba. Malamai na kawo labarin da ke cikin Sunan na Abu Dawuda, inda wasu sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa a hanyar tafiya, uwar ta zo tana fuffuka a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna rashin jin daɗinsa ya sa aka mayar mata da su. Bai kamata gasar da aka shirya da sunan son tsuntsaye ta zama dalilin da za a riƙa tayar da hankalin iyaye a sheƙa ba.

Mu a nan mun san gasa mai tsari, domin mun san musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke jagoranta a matakin ƙasa tun 1986, ana farawa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha. A musabaƙa, daɗin murya yana da makinsa, amma ba ya rufe kuskuren hadda, ba ya rufe kuskuren tajwidi. Kowane fanni da mai kula da shi, an san ƙa'ida tun kafin a hau mumbari, an kuma raba izu biyu da izu sittin don kada a haɗa ƙaramin yaro da mahaddaci. Wannan tsari nake so a aro. A gasar hoton tsuntsu, gaskiyar hoto da lafiyar tsuntsu su zama sharaɗin shiga, ba abin da ake ba maki ba. Hoton sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya daga kusa, a ce ba a karɓa sam, a rubuta a takardar sanarwa da manyan baƙaƙe. Tsuntsu a hannu, ko a keji, ko ɗaurarre, ba a karɓa a matsayin tsuntsun daji. Wanda ya tsallake wannan ƙofa, sannan a zo kan maki, kuma a ra'ayina kaso mafi girma ya tafi ga abin da hoton ya nuna na rayuwar tsuntsun da wurin da yake zaune, kyan haske da tsari su biyo baya, kaifin hoto ya zo a ƙarshe. In aka yi haka, balbela goma a bayan garken Fulani da ƙurar yamma, an ɗauka daga nesa da waya, tana iya doke kan kurciya da ya cika hoto. Yaro kuma ya fahimci cewa ja da baya ma hanya ce ta cin gasa.

Wa zai zauna alƙalanci? Mai ɗaukar hoto na sana'a dole ne, shi ya san haske, shi zai gane inda aka yi aringizo da kwamfuta. Masanin tsuntsaye dole ne, kuma ba sai an je nesa ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, tana da malamai da ɗalibai a sashen nazarin halittu da suka yi aiki a dausayin Haɗeja da kewayen Dutse. Ga cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tun 2001, ga Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da ta daɗe tana aiki a Nguru. Amma kujera ta uku ita nake roƙo kada a manta da ita: a ba tsohon maharbi, ko masunci, ko makiyayi. Mutumin da ya taɓa ɗaura kan burtu a goshinsa ya sunkuya yana tafiyar tsuntsu har ya shiga tsakiyar garke ba a gane shi ba, ya san halin tsuntsu sanin da littafi ba ya bayarwa. Ka nuna masa hoto, zai ce maka wannan a tsorace take, dubi yadda ta manne gashinta ta miƙe wuya. Zai ce wannan haki take, an kore ta ne har ta gaji. Zai ce wannan kanarin ɗan keji ne, dubi bakin wutsiyarsa a cinye, dubi saɓar da ke gindin bakinsa inda yake goga waya. Zai ce wannan tsuntsu ba ya sauka a irin wannan bishiya, ɗora shi aka yi. Zai ce wannan launi ba a ganinsa da rani. Wanda ya yi shekaru yana farautarsu, in aka ba shi girma aka ce zo ka tsare su, sau da yawa ya fi kowa tsanani. Kuma zamansa a kan kujerar yana gaya wa ɗalibi cewa sanin da kakansa yake da shi ilimi ne.

A raba rukuni da adalci. Masu waya daban, masu kyamara daban, yara daban. A buɗe rukunin tsuntsayen tsakar gida, domin 'yan mata da matan aure da ba sa fita fadama su ma su shiga. Wadda ke zaune tana tsince shinkafa, kurciya da ƙananan jajayen tsuntsayen nan na sauka gabanta taku uku, sun saba da ita, ba ta buƙatar korar kowa. Ta fi mai yawon daji damar samun hoto na kusa ba tare da cutarwa ba. Audubon tun 2021 ta ware kyauta ta musamman don hoton macen tsuntsu, saboda kowa namiji yake bi don adonsa. Mu ma macen marai da ke duba saƙar namiji kafin ta yarda ta shiga, ai labari ce.

Alƙali ya san hasken ƙasarmu kuma. Daga fitowar rana zuwa hantsi, da bayan la'asar, nan hoto yake. Da tsakar rana farar balbela ƙonewa take, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Da hunturu hazo kan kashe launi, amma kada a ɗauki hazo aibi a kowane hoto. Jerin agwagi suna keta shi da sassafe hoton ƙasar nan ne, ba a samun irinsa a Landan.

Kada kuma gasar ta yi wa manomi ƙarya. Ba kowane tsuntsu ne abin so a wurin mai gona ba. Jan baki, wanda masana ke cewa ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, in ya sauka a gonar shinkafa ko gero, wahalar shekara ce take tafiya, har sai gwamnati ta nemo jirgin feshi. Hoton yara a kan dakali tun asuba suna kaɗa gwangwani, ga garken jan baki ya taso kamar hadari, hoto ne na gaskiya kuma ya cancanci kyauta. Haka hoton ungulu. Dattawa sun san lokacin da ba a raba mayanka da ungulu a kowace kasuwa. Yau sai ka zaga kasuwanni da dama ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ta cikin waɗanda ke bakin ƙarewa, saboda guba da masu sayen sassan jikinta don tsubbu. Gauraka ma, da ake ƙawata gidajen sarauta da ita, ta yi wuyar gani a dajin Najeriya. Wanda ya kawo hoton ɗayansu a daji ya kawo abu mai daraja. Sai dai a nan alƙalai su yi hattara: su karɓi sunan wurin su riƙe a hannunsu, kada a buga shi a Facebook, domin ba masu sha'awa kaɗai ke karantawa ba.

Wannan ya kawo ni ga rubutun da ke rakiyar hoto. Kowane hoto ya zo da sunan tsuntsun da Hausa ko Fulatanci, da wurin, da ranar, da layi biyu na abin da mai hoton ya gani. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a ƙarshen 2015, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai suna shiga suna rubuta duk tsuntsun da suka gani da manhajar BirdLasser. Matasan Arewa sun kafa tawagarsu a cikin aikin, sun kuma taka rawar gani. Hoton da ke da wuri da rana, ko bai ci kyauta ba, yana iya zama shaidar cewa tsuntsu kaza yana nan a ƙasar Kiyawa a wata kaza. Bayan shekara ashirin, in fadamar ta zama gidaje, wannan shaida ce za a nema.

Abu biyu a taƙaice. Na farko, kada a bar hukunci ga yawan masu danna alamar so a Facebook. Wannan yawan abokai yake aunawa, kuma ɗan ƙauyen da ba shi da kuɗin data ya faɗi tun kafin a fara. In ana so, a ware 'yar kyautar zaɓin jama'a daban. Na biyu, ƙirƙirarriyar basira ta iso. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni a gasar hoto ta Sony da hoton da kwamfuta ta ƙirƙira, ya fito ya ƙi karɓar kyautar don ya nuna alƙalai ba su shirya ba. Maganinta a wurinmu mai sauƙi ne. Duk wanda ya kai zagayen ƙarshe ya zo da wayarsa, a ga hoton a inda ya fara zama, a ga waɗanda ya ɗauka kafinsa da bayansa, waɗanda suka karkace da waɗanda tsuntsun ya juya baya. Mai gaskiya yana da su da yawa. A kuma gaya wa masu shiga kada su turo hoto ta WhatsApp yadda aka saba, domin yana matse shi ya goge bayanin rana da lokaci. Su turo shi a matsayin fayil.

Kyautar kanta, da za a ji tawa, kada ta zama kuɗi masu yawan da za su sa mutum ya sayo gauraka don ya ci riba. A ba da madubin hangen nesa, wanda in yaro ya ɗora idon wayarsa a kansa zai jawo tsuntsu kusa ba tare da ya matsa ba. A ba da littafin gane tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey, a ajiye kwafi a ɗakin karatun makarantar da ta yi fice. A ɗauki goma na farko a kai su Baturiya cikin Janairu, lokacin da baƙin Turai suka cika ruwa. Ranar ba da kyauta kuma a wanke hotunan a manna a bango, alƙalai su tashi ɗaya bayan ɗaya su faɗi dalilin da ya sa wannan ya wuce wancan, har da dalilin da ya sa aka ƙi karɓar wani, ba tare da an kama sunan mai shi ba. A ba gasar wa'adi mai tsawo, daga saukar shamuwa har zuwa tashin baƙin sanyi, domin in aka ce mako biyu, gaggawa ce za ta tura yara kan bishiya.